Wa ke riƙe da jihar Maraɗi?

Jawabin ɗan takararmu na majalisar jiha ga jama'ar bakin iyaka, gundumar Madarunfa, gabanin zaɓen 13 ga Disamba 2020. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.



Iyayenmu sarakuna da masu gari, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyaye mata da kuka bar daka da tukunya kuka zo, ƴan kasuwa, direbobi, ƴan kabu-kabu, manoma da makiyaya, samari da ƴan mata, sannunku da zuwa, sannunku da haƙurin rana.

Makaɗa sun yi nasu, mawaƙa sun yi nasu. Ni abin da jam'iyya ta ɗora mini yau bayani ne, don haka ina roƙon a ɗan sassauta ganga a ba ni kunne. Ranar Lahadi 13 ga wata za a miƙa wa kowane ɗayanmu ƙuri'a iri biyu, ɗaya ta ƙaramar hukuma, ɗaya ta jiha. Na zagaya Ɗan Isa, na je Gabi da Safo da Jiratawa da Sarkin Yamma, kuma tambayar da na fi sha ita ce: to wannan ƙuri'a ta jiha, gwamna za mu zaɓa?

A'a, ba gwamna za mu zaɓa ba. Kuma na san inda tambayar ta samo tushe. Mu mutanen bakin iyaka ne. Kasuwarmu Jibiya, surukanmu Katsina, rediyon da muke kamawa da safe rabinsa daga can yake. A can, in an ce jiha ana nufin gwamnati sukutum. Mutanen Katsina su ne suka jefa wa Aminu Bello Masari ƙuri'a a 2015, suka sake jefa masa a 2019. Wa'adinsa shekara huɗu ne, sau biyu, daga nan dole ya sauka. Shi ke ɗaukar kwamishinoni, majalisar dokokin jiha mai wakilai 34 ta tantance su, ta amince da kasafin kuɗi, ta yi dokokinta na kanta. Kowane wata kason jihar na zuwa daga asusun tarayya a Abuja. Najeriya tarayya ce, shi ya sa.

Nijar ba haka aka gina ta ba. Kundin tsarin mulkinmu na 25 ga Nuwamba 2010 ya ce ƙasa ɗaya ce dunƙulalliya. Majalisar dokoki ɗaya gare mu, tana Yamai. Kalmar jiha dai ɗaya ce a bakinmu, amma abin da ke cikin tukunyar daban ne. Kuma kada wani ya fita nan ya ce na zo ina yabon tsarin maƙwabta. Su ma suna da nasu ciwon: ƙananan hukumominsu sau da yawa kantomomin da gwamna ya naɗa ke riƙe da su, kuma gwamnan da suka zaɓa ba shi da ikon ƴan sanda ko soja, balle ya buɗe iyaka. Na kawo su ne don mu bambance.

To ga yadda tamu take. Jihar Maraɗi kawuna biyu gare ta, kuma duk wanda bai san haka ba zai yi ta kai kuka gidan da ba a nan aka yi mutuwa ba.

Kai na farko shi ne gwamna. Majalisar ministoci ce ke zama a Yamai ta naɗa shi, kuma ita ce ke sauke shi ranar da ta ga dama. Shi wakilin shugaban ƙasa ne da gwamnati a cikinmu. A ƙarƙashinsa akwai shugabannin gundumomi, waɗanda muke kira perfe, su takwas a jiharmu: Madarunfa, Gidan Rumji, Tasawa, Agye, Gazawa, Mayayi, Dakwaro da Barmo. Su ma naɗa su ake yi, daga tebur ɗin da aka naɗa gwamna. Gwamna ne ke shugabantar taron tsaro na jiha, inda shugabannin soja da jandarma da ƴan sanda da garda ke zama. Daraktocin ma'aikatu da ke Maraɗi, na ilimi, na lafiya, na noma, na kiwo, na ruwa, ma'aikatan ministocinsu ne, kuma gwamna ke haɗa kansu. In kaka ta yi, ranar sakin gonaki ga dabbobi daga wajen hukuma take fitowa. Wannan kai yana da ƙarfi, yana da mota da jiniya, amma idonsa Yamai yake kallo, don can aka ba shi kujera. A takarda an ce gwamna da perfe ba na kowace jam'iyya ba ne. Ku da kuke ganin wanda ke zama a sahun gaba in masu mulki sun kira taro, ku ne shaida.

Kai na biyu shi ne majalisar jiha, kuma ita ce ƙuri'arku ke haifarwa. Kowace jam'iyya tana kawo jerin sunayen ƴan takararta, ku zaɓi jerin, sai a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowa ya samu. Ku riƙe wannan da kyau, don akwai masu yawo suna ce wa mutane in ka zaɓi adawa ka zubar da ƙuri'arka a rijiya. Ƙarya ce. Wannan ba kokawa ba ce da wanda ya yi kaye zai kwashe takobi shi kaɗai. Ko jam'iyya ba ta zo ta farko ba, in ta tara ƙuri'u tana samun kujerunta. Bayan an rantsar da kansiloli, su ne ke zaɓen shugaban majalisa da mataimakansa daga cikinsu. Haka abin yake a ƙaramar hukuma: ba ku ke zaɓen magajin gari kai tsaye ba, kansilolin da kuka tura su ne ke zaɓensa. Shi ya sa kujera ɗaya tak kan iya juya meri gaba ɗaya, kuma shi ya sa a daren zaɓen magajin gari ake ɓoye kansiloli ana kashe musu waya. Ku dubi sunayen da ke jerin kowace jam'iyya, ku tambayi kanku wane ne a ciki zai iya kwana da buhun kuɗi a ƙofar ɗakinsa bai buɗe ba.

Iyayenmu sarakuna su ma suna da wurin zama a waɗannan majalisu, haka ƴan majalisar dokoki na yankin. Suna ba da shawara, ana saurarensu, amma in an zo kaɗa ƙuri'a zaɓaɓɓun kansiloli ne kawai ke ɗaga hannu. Ga iyaye mata kuma: dokar da aka gyara a 2019 ta ɗaga kason da aka tanadar a muƙaman zaɓe zuwa kashi 25 cikin 100. Kujera ɗaya cikin huɗu ke nan. Doka ce ta ba ku, kada wani ya zo ya ce alfarma ya yi muku.

Me majalisar jiha ke yi? Dokar ƙananan hukumomi da jihohi ta watan Satumba 2010 ta ba ta aikin raya jiha. Ita ke tsara shirin ci gaban jiha na shekaru, ta ce ga abin da za a fara, ga abin da zai jira. Ita ke amincewa da kasafin kuɗin jiha. A watan Janairu 2016 gwamnati ta sa hannu a kan takardun miƙa fannoni huɗu ga ƙananan hukumomi da jihohi: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. A taƙaice, lakwal ta firamare da ƙaramin asibitin ƙauye da famfon gari suna wuyan meri, makarantun gaba da firamare da manyan wuraren jinya na jiha da rijiyoyin makiyaya suna wuyan majalisar jiha. Meri kuma ita ke ba da takardar haihuwa, ita ke kula da kasuwa da tasha da mahauta, kuma magajin gari ne ke shugabantar kwamitin filaye na ƙaramar hukuma, wanda ke shata burtali da makiyaya, yana rubuta takardar gona in an saya ko an yi jingina. Duk wanda ya taɓa ganin yadda rigimar burtali ke ƙarewa a asibiti ko a maƙabarta ya san wannan ba ƙaramar kujera ba ce.

A takarda, wallahi tsari ne mai kyau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma dokar ta yarda da haka. Matsalar tana wajen aiki, kuma nan ne nake so in daɗe.

An miƙa nauyi, ba a miƙa kuɗin ɗaukarsa ba. Ƙaramar hukuma aƙalla tana da abin da take tarawa da hannunta: lanhon da masu gari ke karɓa gida gida, kuɗin rumfa, kuɗin tasha, kuɗin kara in an sayar da dabba. Majalisar jiha kuwa kusan duk abin da za ta taɓa sai ta jira daga sama, ko daga baitulmalin ƙasa, ko daga hukumar ANFICT da aka kafa a 2008 don tallafa wa ƙananan hukumomi da jihohi, ko daga ƙungiyoyin agaji na waje. Jihohin da ake haƙar ma'adinai ko man fetur, irin su Agadas da Difa, doka ta ce a mayar wa yankunansu kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ta samu, kuma ko su kullum kukan bashin wannan kaso suke yi. Mu Maraɗi ba mu da uraniyom, ba mu da rijiyar mai. Arzikinmu gero ne da wake da gyaɗa da aya da dabbobi da fatauci, da kuma mutane: ƙidayar 2012 ta same mu miliyan 3 da dubu 400, kuma kowa ya san yau mun wuce haka nesa. Jihar da ke da wannan yawan yara, a ce majalisarta ce za ta gina azuzuwan kwaleji da lise, alhali ba a sakar mata kuɗi a kan lokaci ba, ai sakamakon kuna ganinsa. Ajin zana ne, wanda ba a kafa shi sai an gama girbi an samu kara, a rushe shi da ruwan farko. Yaro ya yi wata biyar ko shida a aji, a ce masa ya yi shekara.

Ma'aikata ma haka. Majalisa ta zauna ta ce a gina rijiya a wuri kaza. Injiniyan da zai auna, da daraktan da zai sa hannu, ba nata ba ne, sai ta nemi a ara mata su ta hannun gwamna. In shugaban majalisa da gwamna tuwonsu ɗaya miyarsu ɗaya, aiki ya tafi inda jam'iyya ke so. In ba haka ba, takarda ta kwana a durowa.

Sai kuma abin da ake kira duba halaccin aiki. Duk shawarar da majalisar jiha ta yanke sai an kai wa gwamna ya duba ko ta dace da doka, ta ƙaramar hukuma kuma a kai wa perfe. Wannan a kan kansa ba laifi ba ne, don ba ma son magajin gari ya sayar da filin makaranta ya ce majalisa ta yarda. Amma dubawa daban, riƙe wuya daban. Kuma sandar da ta fi wannan girma tana Yamai: majalisar ministoci na iya tuɓe magajin gari, tana iya rushe majalisa ɗungurungum ta naɗa wakilai na musamman su riƙe. An yi a babban birni kansa. A 2013 an tuɓe magajin garin Yamai, a 2017 an sake tuɓe wani, aka rushe majalisar birnin, aka naɗa masu riƙo, kuma har yau da nake magana mutanen Yamai ba su sake zaɓen kansilolinsu ba. Gwamnati ta ba da dalilanta. Mu abin da muka ce shi ne, in zaɓaɓɓe ya ci amana a kai shi gaban alƙali, a kuma koma wurin jama'a su zaɓi wani cikin gaggawa. Naɗaɗɗe ya shekara uku a kujerar zaɓaɓɓe, wannan kwace ne da hular doka.

Kuma ku tuna yaushe rabonku da wannan ƙuri'a. Watan Janairu 2011. Wa'adin kansila shekara biyar ne, ya kamata a ce mun koma rumfar zaɓe tun 2016. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa, aka yi ta ƙara wa majalisu wa'adi wata shida bayan wata shida. Jaririn da aka raɗa wa suna a makon wancan zaɓe yau yana aji huɗu ko biyar. Yaron da yake ɗan shekara tara a lokacin yau ga shi nan tsaye da katin zaɓe a aljihu. An yi zaɓen shugaban ƙasa da na ƴan majalisa a 2016 ba a ce babu kuɗi ba, amma na talaka, wanda ya shafi rijiyarsa da kasuwarsa, shi ne ya iya jira kusan shekara goma. Kansilan da ya san takardar Yamai ce ke ƙara masa kwana, don me zai zo ƙofar gidanka ya ji kukanka?

Yanzu bari in zo kan abin da ke ci wa kowa tuwo a ƙwarya. Tun watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakarta. Wata goma sha biyar da ɗoriya ke nan. Kun ga manyan motoci jere a Ɗan Isa har ƙura ta rufe su. Mai wake ya rasa mai saye, mai rago ya karyar, ɗan dako da mai tuwo-tuwo da mai faci duk sun ji a jikinsu. Kuma in kasuwa ta mutu, kuɗin rumfa da na tasha da na kara su ma sun mutu, wato asusun meri ya bushe a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ga ɓarayin daji da ke ƙetarowa da dare, su kore shanu, su ɗauki mutum sai an sayar da gona an fanso shi. Ga dubban ƴan uwanmu daga Zamfara da Sakkwato da Katsina da suka gudo tun 2019, musamman wajen Gidan Rumji, muka raba rijiya da rumbu da su, kuma ba mu yi da-na-sani ba, don jini ɗaya ne.

Duk ɗan takarar kansila da ya tsaya gabanku ya ce in kun zaɓe shi zai buɗe iyaka, ku ce masa ya ji tsoron Allah. Wannan magana ce tsakanin Yamai da Abuja. Duk wanda ya ce zai turo soja, shi ma haka, don tsaro na hannun gwamnati da gwamna. Ni ba zan yi muku wannan alkawari ba. Amma majalisar da ba ta jin tsoron gwamna tana da baki. Tana iya zama a bainar jama'a ta rubuta adadin garuruwan da aka kai wa hari da dabbobin da aka kora, ta aika wa gwamnati da sa hannun zaɓaɓɓu, yadda ba wanda zai ce bai sani ba. Tana iya cewa kuɗin bana a fara da hanyoyin ƙauyukan bakin daji, don motar jami'an tsaro da ta mai naƙuda duk hanya ɗaya suke bi. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tun 1971, hedkwatarta na Yamai, kuma an daɗe ana maganar hanyar kasuwanci ta Kano, Katsina da Maraɗi. Wa ya taɓa zuwa ya tambayi ɗan kasuwar Ɗan Isa abin da yake so a faɗa a can? Majalisar jiha ce ya kamata ta kai wannan murya, in ta samu masu faɗa. Majalisar da shugabanta da gwamna da perfe da minista duk daga gida ɗaya suka fito, wa zai ce wa wani ka yi kuskure?

Ga abin da muka ɗauka a wuyanmu, kuma mun zaɓi abin da ba ya bukatar izinin kowa. Doka ta ce majalisa ta yi zama na yau da kullum sau huɗu a shekara, kuma zaman a buɗe yake ga jama'a. Yawancinku ba a taɓa gaya muku ba. Duk inda kansilolinmu suka shiga, za su sanar da ranar zama a rediyon gari da bakin sankira tun da sauran kwanaki, wanda ya ga dama ya zo ya zauna ya ji. Kasafin kuɗi, wanda ake rubutawa da Faransanci a ajiye a ofis, za mu fassara shi da Hausa mu manna a bangon meri da bakin kasuwa: ga abin da aka tara na lanho, ga abin da kasuwa ta kawo, ga abin da Yamai ta yi alkawari, ga abin da ta aiko da gaske, ga inda aka kashe. In an ba ɗan kwangila aikin aji uku, sunansa da kuɗin da ranar gamawa za su hau allo a wurin aikin. In kuma magajin garin da muka ɗora ya kauce, doka ta ba kansiloli damar kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa, kuma ba za mu jira Yamai ta riga mu ba. Ku ajiye wannan takarda a cikin akwati. Bayan shekara ɗaya ku fito da ita ku tare ni da ita a kasuwa.

Na san za a zo muku da dare da atamfa da sabulu da jaka biyu ko biyar. Ba zan ce muku kome a kan karɓa ba, talauci ba wasa ba ne, kuma kuɗin ma daga aljihun ƙasa suka fito. Sai dai ku raba jaka biyar da shekara biyar ku ga nawa ke nan a wata, sa'an nan ku tuna nawa kuka kashe a kan magani ranar da aka ce na yara kyauta ne amma babu shi a asibiti. A cikin ɗakin ɓoye babu mai ganin hannunka sai Allah. Duk wanda ya ce muku sabon katin nan mai hoto yana nuna wa hukuma wanda ka zaɓa, tsoratarwa ce kawai, katin na shaida ne cewa kai ne, ba ya bin ka cikin ɗakin.

Wanda bai karɓo katinsa ba ya je ya karɓo tun yau, kada ya bari sai ranar. Wanda ɗansa ya yi rajista a gida ya tafi ci-rani, a kira shi a waya ya dawo. Maigida ya bar matan gida su fita da wuri, kafin layi ya yi tsawo. Ku dubi alamarmu da ke bangon wannan takarda, ku nuna wa tsofaffi ita har su gane ta, ku tuna ƙuri'a biyu ce, ta meri da ta jiha, kada a yi ɗaya a bar ɗaya. Matasan da muka sa wakilci a rumfuna, ba tashi sai an ƙirga a gabanku, an rubuta, an sa hannu, an ba ku taku takardar sakamako. Ba zagi, ba jifa, ko an tsokane ku. Wanda ke ɗaya jam'iyyar maƙwabcinka ne, gobe tare za ku ɗauki gawa.

Bayan mako biyu, ranar 27 ga wata, za mu sake fita don shugaban ƙasa da ƴan majalisar dokoki, kuma za mu dawo mu yi wannan magana daban. Allah ya kai mu lafiya, ya tsare mana garuruwanmu da dukiyoyinmu, ya mayar da waɗanda ke hannun ɓarayi gidajensu.